Hukuncin Ɗanɗana Giya a Tofar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, matsalarmu ta wannan mako ta shafi ɗalibai da ma'aikatanmu da ke zaune a Faransa, musamman mutanen Nijar, waɗanda karatu ko aiki ke kai su can. A ƙasar nan akan gayyaci mutum wurin da ake ɗanɗana giya, a ce masa ba sai ya haɗiye ba, ya kurɓa ya tofar kawai. To, shin yin haka ya halatta?

Kafin hukunci sai an san abin da za a hukunta. A kudu maso yammacin Faransa akwai birnin Bordo, a bakin kogin Garon, wanda gonakin inabi suka kewaye. Jar giyarsu ba daga irin inabi ɗaya ake yin ta ba, gauraya ake yi, galibi irin da suke kira Cabernet Sauvignon da Merlot da Cabernet Franc. Sai a zuba a gangunan katako masu cin lita 225, a ajiye shekara guda ko fiye. Tun a 1855, bisa umurnin sarkinsu Napoleon na Uku, aka jera manyan gidajen giyar yankin daraja biyar, kuma har yau da wannan jeri ake ciniki. Kowace shekara wajen watan Afrilu 'yan kasuwa da marubuta sukan taru su ɗanɗana sabuwar giya tun tana cikin ganga. Mutum ya ɗaga kofi ya dubi launinta, ya kaɗa, ya sansana, ya kurɓa ya juya a baki, sa'an nan ya tofar cikin wani mazubi, don kada maye ya kama shi kafin ya kai ƙarshen layi. Abin da ya rubuta game da ita yana cikin abin da ke ɗaga kuɗinta ko ya karya shi.

Masu neman sauƙi sukan kawo hujja da azumi. Suna cewa ai mai dafa abinci takan ɗanɗana miya da rana a Ramalana ta tofar, azuminta bai karye ba. Wannan kiyasi kuwa bai tsaya ba. Miya halal ce a kan kanta, lokaci ne ya hana ta, rana na faɗuwa ta koma yadda take. Duk da haka malamanmu na Malikiyya sun karhanta ɗanɗanon ga mai azumi, don tsoron wani abu ya wuce maƙogwaro. Giya fa ba ta da magariba. Haramcinta a jikinta yake, kuma jumhurun malamai, har da mazhabobin nan huɗu, sun tafi a kan najasa ce. Ina mai hankalin da zai cika bakinsa da najasa da gangan, bakin da zai karanta Fatiha da shi an jima?

Sa'an nan a lura da yadda hanin ya sauka. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an ambaci cewa akwai amfani a cikinta ga mutane, amma zunubinta ya rinjaya. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, aka hana kusantar salla cikin maye. Da aka zo Suratul Ma'ida, aya ta 90, umurnin da ya zo na nisanta ne, nisanta kuwa ya fi barin sha faɗi. Wanda aka ce ya nisanci rijiya ba ya zama a bakinta yana lilo da ƙafa. Sahabbai haka suka fahimta. Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa yana cikin shayar da mutane a gidan Abu Ɗalha sai mai shela ya sanar da haramcin, nan take aka tuntsurar da ita har ta gudana a titunan Madina. Ba wanda ya nemi kurɓar ban kwana.

Akwai kuma hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka fitar, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum goma a kan giya, mai sha ɗaya ne kawai daga cikinsu. Sauran su ne irin mai matsa ta, da mai ɗauka, da mai shayarwa, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. To, wanda aikinsa shi ne ya yabi giya domin ta yi kasuwa, ko bai haɗiyi ɗigo ba, taimako yake yi a kan sayar da ita.

Wani zai ce likitocin Turawa sun ce kofi guda na jar giya yana gyara zuciya. An daɗe ana yaɗa wannan magana, musamman daga 1991. Amma a Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani gwargwado na barasa da za a ce ba ya cutarwa. Mu kuwa ba wannan muka jira ba, domin Muslim ya ruwaito cewa da Ɗariƙ ɗan Suwaid ya ce don magani yake yin ta, Annabi ya shaida masa cuta ce, ba magani ba.

Kada kuma a wuce gona da iri. Inabi ni'ima ce da Alƙur'ani ya ambata a wurare da yawa. Cin 'ya'yansa, da zabibi, da shan ruwansa muddin bai fara bugarwa ba, duk halal ne. Giyar da ta juye da kanta ta zama khal, watau ruwan tsamin nan da ake sa wa abinci, ta tsarkaka ba saɓani. Ɗalibin da ke karatun noma a Bordo, ya koyi sanin ƙasa da ban ruwa da cututtukan itatuwa, babu laifi a kansa. Ranar da aka fito da kofuna sai ya nemi uzuri da ladabi, ya faɗi dalilinsa a fili tun farkon zuwansa, don kada a riƙa maimaita masa tayi. Idan liyafa ce ta aiki wadda ba makawa sai ya halarta, ya nemi ruwa ko lemo, ya zauna nesa da inda ake zuba ta gwargwadon iko, ya tashi da zarar bukata ta biya, domin an ruwaito hani ga mumini ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya.

Allah shi ne Masani.