Shin Ana Kyautar da Sunan Gari? Tsokaci a kan Abuja da Suleja

Hausawa na cewa suna linzami ne. Idan haka abin yake ga mutum, to ina ga gari, wanda sunansa ke ɗauke da tarihin dubban mutane? Tambayar da muke son dubawa ita ce: idan gari ya ba da sunansa kyauta, wane hakki ya rataya a wuyan wanda ya karɓa?

A shekarar 1828 Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau wanda jihadi ya fitar daga Zariya, ya kafa gari a bakin kogin Iku, daura da Dutsen Zuma, a ƙasar Koro da Gwari. Garin ya ci sunansa: Abu daga Abubakar, Ja saboda hasken fatarsa. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya, aka ɗora masa sunan Abuja. Tsohon garin kuwa ya koma Suleja, don girmama Sarki Sulaimanu Barau.

Wani zai ce babu asara, domin dutse bai gusa ba, kogi bai sauya hanya ba. Amma suna ba ya ƙaura shi kaɗai, da kayansa yake tafiya. A tsohuwar Abuja Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, a can kuma Ladi Kwali ta yi fice. Yau ɗalibin da ya karanta "tukwanen Abuja" sai hankalinsa ya tafi birnin tarayya.

Duk da haka, Suleja da kanta ta koya mana yadda ake riƙon suna. Sarakunanta sun taho da sarautar Zazzau daga Zariya, har yau ba su yar da ita ba. Da aka sake wa garin suna ma, an bar "ja" a ƙarshe, don kada a yanke igiyar da ta ɗaure shi da Abu Ja.

A ganinmu, ana iya kyautar da suna, amma tarihin da ke cikinsa amana ce. Wajibi ne mu malamai mu sanar da ɗalibanmu Abu Jan da bakinsu ke ambata kullum, da kuma Koro da Gwarin da ya tarar a gindin Zuma.