Abin Kowa a Hannun Mutum Ɗaya

A 1995 wani malamin makaranta a Kanada, Dale Hubert, ya sa ɗalibansa su riƙa aika ɗan mutum-mutumin takarda, Flat Stanley, ta gidan waya. Wanda ya karɓa zai rubuta labarin baƙuncinsa, sannan ya sallame shi.

Mu ma za mu iya. Titin RN1 ya ɗinke Gidan Rumji, Maradi, Agiye da Gazawa, kuma kullum ana ba direbobi saƙo a tasha. A ce mun ɗinka ɗan raƙumin fata, mun haɗa shi da kaye, kowa ya riƙe shi mako guda, ya rubuta shafi ɗaya, ya tura gaba. Me zai tsayar da shi?

Ni ban ji tsoron ɓarawo ba. “Gobe” nake tsoro. Wani zai ajiye shi bisa kanta, ba da mugun nufi ba, har damina ta wuce, na bayansa na ta jira. Kamar adashe ne: wanda ya kwasa ya daina zubi bai fasa gidan kowa ba, amma ya cuci kowa.

Za ka ce, ai abin wasa ne, ko jaka guda bai kai ba. To, nan ne gwajin yake. Kuɗi na da masu bin sawu; wannan ba mai kai ka ƙara. Amanar da ba ta da ɗan sanda ita ke nuna halin mutum. In ka kasa da raƙumin fata, wa zai ba ka asusun ƙungiya?