Shin Allah Yana Da Ɓangare?

Akwai tambayar da ta daɗe tana damun masu bi: idan mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi, kuma dukansu biyu suna durƙusawa gaban gicciye ɗaya, a ina Allah yake tsayawa?

Baƙaƙen fata na Amurka sun yi wannan tambaya da hawaye. A shekara ta 1969, shekara guda bayan kisan Martin Luther King, James Cone, wani malamin tauhidi ɗan jihar Arkansas, ya fitar da littafin da ya zama tushen tauhidin 'yantar da baƙar fata. Amsarsa ita ce: Allahn da ya ji kukan bayi a Masar, wanda Ɗansa ya buɗe wa'azinsa a Nazarat da albishir ga matalauta, yana tare da wanda ake zalunta. A 2011 kuma, Cone ya kwatanta gicciyen Yesu da itatuwan da aka riƙa rataye baƙaƙen fata a kansu ba tare da shari'a ba.

Waɗansu sukan ce wannan koyarwa tana raba kan Ikkilisiya, tun da Manzo Bulus ya koya wa Galatiyawa cewa baftisma ta mai da mu ɗaya. Fadar Paparoma ma, a 1984, ta gargaɗi masu tauhidin 'yantarwa na Latin Amurka kada su mai da Bishara yaƙi tsakanin talaka da mai kuɗi. Bai kamata mu raina wannan gargaɗi ba. Amma mu dubi uwa wadda babban ɗanta yake dukan ƙaninsa. In ta shiga tsakani ta kare ƙaramin, ba ƙin babban ta yi ba: ta ceci ɗaya daga rauni, ta ceci ɗayan daga zunubi. In kuwa ta naɗe hannu don kada a ce ta nuna bambanci, to, ta riga ta goyi bayan mai duka.

Tarihin Ikkilisiyarmu ya nuna illar irin wannan shiru. A 1838, 'yan Jesuit na Maryland sun sayar da bayi 272 don biyan bashin kwalejin Georgetown. Fada Augustus Tolton, wanda aka haifa cikin bauta, sai a Roma aka naɗa shi firist a 1886, domin babu seminari a ƙasarsa da ta karɓe shi. A 1979 bishop-bishop na Amurka suka bayyana a wasiƙarsu cewa wariyar launin fata zunubi ce.

Cone ya rasu a 2018, an kuma soke dokokin wariya tun 1964. To, aikin ya ƙare ke nan? Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin iyalin farar fata ta kai wajen dala 285,000, ta baƙar fata kuwa ba ta kai 45,000 ba. Abin da aka hana kakanni, gida da gona da ilimi, jikoki ba su gada ba. Sa'ad da aka kashe George Floyd a Minneapolis a 2020, marigayi Paparoma Francis ya tuna mana cewa mai kau da kai daga wariya ba shi da bakin kare darajar ran ɗan Adam.

Saboda haka amsarmu ita ce: Allah yana ƙaunar kowa, wannan ƙauna ce kuma take sa ya tsaya kusa da wanda aka taka. Muddin akwai mai kuka a ƙarƙashin zalunci, wannan tauhidi bai tsufa ba. Mu da muke cin gurasa ɗaya a bagade ɗaya, sai mu bincika zukatanmu: wa muke ba kujerar gaba, wa kuma muke bari a bakin ƙofa?

Ubangiji ya ba mu kunnen jin kukan bayinsa. Amin.