Bulo Ma Shuka Ne

Birkilolin Talatar Mafara, masu buga bulo na Bakura, leburorin kwaɓi na Maradun! Ku jingine shebur ku ba ni kunne, zan faɗa muku abin da hannuwanku suka daɗe da sani.

Siminti ba bushewa yake yi ba, sha yake yi. Da ruwa ya taɓa garin, kowace ƙwaya sai ta fara narkewa daga bayanta, tana tofo da wasu siraran zaruruwa da ido ba ya gani. Su ne ke sarƙewa da na maƙwabciyarta, su damƙe yashi da tsakuwa kamar yadda saiwar gero ke damƙe ƙasa. Tun shekarun 1940 masana a Amurka suka auna abin. Da za a warware saƙar da ke cikin dunƙulen sandararren siminti mai cika tafin hannu a shimfiɗa ta, sai ta rufe filin ƙwallo. Tafin hannu guda fa!

Tofon nan ba na yini ɗaya ba ne. A kwana 7 kankare bai wuce kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin da injiniya ke nema a kwana 28 ba. In iskar hunturu ko ranar bazara ta ƙwace ruwan da wuri, tsiron ya tsaya ke nan. Bulo ya yi fari fat, ga kyau a ido, ka murza gefensa da yatsa ya zube. Sai dai a kula, ruwan kwaɓi daban, na shayarwa daban. Mai tsinka kwaɓi don shebur ya yi sauƙi, ramuka yake ginawa a cikin bango.

To, wa zai koya wa mutanen wannan yanki ban ruwa? A 1978 aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Sunan kamfanin Impresit na Italiya ne a takarda, amma gumin leburori ne a jikin kankarenta, manoma kuma suka biya da gonakinsu, wasu da rayukansu a 1980. Yau ga ta nan tsaye, ruwanta na raya shinkafa har Bakura. Manomin da ba ya barin shukarsa da ƙishi, ɗan'uwansa ne ke riƙe da jarka a wurin gini.

Saboda haka kai yaro mai yayyafa wa bulo ruwa, daina sunkuyar da kai wai an ba ka ƙaramin aiki. Buhun simintin da aka ɗauko daga Kalambaina gari ne kawai, a hannunka yake zama dutse. Ka shayar da safe, ka shayar da yamma, ka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, mako guda cur. In mai gini ya matsa a ɗora yau, ka gaishe shi da ladabi ka ce: "Alhaji, bulon nan bai ƙoshi ba tukuna."