Suna Na Ƙasa Ne Ko Na Mutanenta?

Bahaushe ya ce suna linzami ne. To amma idan garuruwa biyu suka amsa suna ɗaya, a hannun wa linzamin yake? Wannan tambaya ce da ta kamata mu marubuta mu yi mata kallon tsanaki, domin kuwa da sunaye muke sana'a.

Ba ina magana ne a kan irin su Sabon Gari da Tudun Wada ba, waɗanda ake samu a Kano da Zariya da sauran birane. Waɗannan siffa ce ta zama suna, babu mai gardamar gado a kansu. Ina nufin sunan da ke ɗauke da sarauta da tarihi.

Ɗauki misalin Katsina. Lokacin da birnin ya koma hannun Malam Ummarun Dallaje a zamanin jihadi, sarakunan Haɓe sun yi arewa, daga bisani zuriyarsu ta kafu a Maraɗi, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu. Sun bar ganuwa da fada da hasumiyar Gobarau, amma sun tafi da suna, har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin can. A wurinsu Katsina jama'a ce da gidan sarauta. Mutanen birni kuwa suna iya cewa Katsina ƙasa ce, ba a naɗe ta kamar tabarma a yi ƙaura da ita. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma zaman ɗaya bai rage ɗayan da komai ba. Kamar ɗibar wuta ce daga murhun maƙwabci, kai ka samu, shi bai rasa ba.

Labarin Abuja ya sha bamban. Bayan da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya, ɗan'uwansa Abubakar Ja, wato Abu Ja, ya kafa gari a shekarar 1828, aka sa wa garin sunansa. Sai a 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zaɓi wannan yanki don gina sabon babban birnin Nijeriya. Sunan ya koma kan sabon birni, tsohon gari kuma ya zama Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A nan ba wuta aka ɗiba ba, murhun aka ɗauke. Mutanen Suleja dai sun ga fuska biyu ta wannan al'amari: suna tarayya da Zariya a sunan Zazzau, sunan Abuja kuwa ya fita hannunsu.

Wani zai ce ai girmama su aka yi, tun da yanzu duniya duka ta san sunan Abu Ja. Haka ne, amma mutum nawa ne suka san sunan mutum ne? Ɗalibin da ya karanta cewa Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira 20, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja a 1954, zai zaci babban birnin ake nufi, alhali a lokacin ba a ko aza harsashinsa ba. Ka ga an ɗauki aikin wasu an jingina wa wasu, ba tare da kowa ya yi niyyar ƙarya ba.

A nawa ganin, ƙasa ba ta tuna kowa, mutane ne ke tunawa. Saboda haka suna na waɗanda rayuwarsu ta ba shi ma'ana ne, wanda duk ya karɓe shi daga baya kuma akwai bashi a kansa. Ba da kuɗi ake biyan wannan bashi ba, sai da ambaton masu asali. Idan ka zo rubuta Katsina ko Zazzau ko Abuja, ya kai marubuci, ka fayyace wadda kake nufi da kuma zamanin da kake magana a kai. Jimla ɗaya ta isa, amma rashinta na iya shafe tarihin gari guda.