Igiyar Wasa: Baitoci Shida da Sharhinsu

Da sunan Allah nake farawa, ina gode masa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, waɗannan baitoci na yi su ne domin samarinmu na nan Poli, da waɗanda suka tafi Garwa karatu ko neman abinci, saboda wata irin gajiya da na ga ta kama su, alhali ba su yi noma ba, ba su yi zazzaɓi ba. Na sa musu sharhi kaɗan don mai karatu ya san inda magana ta nufa.

Ya ɗana mai riƙon waya dare duka,
Ido ya yi ja, har yanzu ba ka huta ba.

Da fari wasa ne, kana ta dariya,
Yau ya zam aikin da ba a biya ka ba.

Sharhi: Ku sani, ya 'yan'uwa, ban yi baitocin nan don in haramta wasa ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi umurni a cikin Ihya'u da a bar yaro ya yi wasa in ya taso daga makaranta, domin hana shi yakan kashe masa zuciya, ya dushe masa basira. Abin da nake magana a kai shi ne ranar da wasa ya daina zama hutu. Wani saurayi ya zo mini bayan wazifa, ya ce, "Malam, wallahi ba na jin daɗinsa kuma. In na buɗe sai in ji ƙirjina ya yi nauyi, in na rufe kuma sai in ji kamar na bar bashi." To, wannan ita ce gajiyar. Daɗi ya tafi, igiya ta saura.

Ya ɗora ma wirdi nasa kowace safiya,
Ba shehu ya ba ka, ba ka nemi izini ba.

In ka yi fashi sai ya rage ma daraja,
Ka koma gudu, ba ka san ina za ka ba.

Sharhi: A nan ne gizo ke saƙa, sai a saurara da kyau. A Garwa akwai ɗakunan da ake biya a buga ƙwallo a PlayStation, wannan in kuɗin mutum ya ƙare dole ya tashi. Amma wasan waya yana cikin aljihu, yana bin mutum har shimfiɗa. Ɗauki Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, aka kuma yi shi yadda ƙaramar waya za ta iya ɗauka. Mutum hamsin ake zubawa a tsibiri guda, a yi ta fafatawa kamar minti goma, har a bar mai nasara. Minti goma ba kome ba ne, shi ya sa kowa ke cewa "ɗaya kawai", sai ga kiran assalatu.

Sa'an nan masu irin wannan wasa sun tsara masa ayyuka na kullum, da kyautar da ba ka samu sai ka leƙa kowace rana, da darajoji da ake hawa. In zango ya ƙare sai a sauko da kai, ka sake hawa. Ga kuma abokan tafiya suna jiranka, in ba ka zo ba ka ba su kunya. Watau dai an yi maka lazimi. Mu lazimin da muka karɓa, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma, yana da adadi, in ka cika ka shafa ka tashi. Kuma ba a ba ka shi sai da ka nema, aka karanta maka sharuɗɗa, ka ce ka yarda. Wancan kuwa babu wanda ya karanta maka sharaɗi, babu kuma ranar da za ka ce na cika. Ina zuciya ba za ta ƙosa ba?

Likitoci ma sun lura. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa kamuwa da wasannin nan cikin jerin cututtuka, da alamu uku: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarna, galibi har tsawon shekara guda. Ba duk wanda ya gaji ne ya kai nan ba. Wanda ya kai kuwa, a haɗa masa addu'a da ganin likita, babu abin kunya.

Igiyar masallaci ma an ce a kwance ta,
Balle ta wasa, wadda ba ta kai ta ba.

Jiki amana ne, da ido da barcinsa,
Mai shi zai tambaya, bai manta ba.

Sharhi: Ya zo a cikin Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shiga masallaci ya ga igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka ce ta Nana Zainabu ce, in ta gaji da sallar dare sai ta riƙe ta. Ya sa aka kwance, ya nuna mutum ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Nafila ke nan, ya ɗana, wadda ake samun lada a kanta! To, wace hujja gare ka ta ɗaure kanka tsaye don darajar da za a sauko da kai daga kanta in zango ya ƙare?

Abin da na gaya wa saurayin nan shi nake gaya muku. Kada ka fasa waya da fushi, wanda ya yi haka bayan kwana uku yakan ari ta abokinsa. Ka bar kyautar kullum ta wuce ka da gangan, yau da gobe da jibi, ka ga ko wani abu ya same ka. Ka faɗa wa abokan wasanka a fili cewa ka tafi hutu, don kada su yi ta kira. Bayan lisha waya ta kwana a wani ɗaki. Kwanakin farko za ka ji hannunka na nema, zuciya na ƙunci. Kada ka zauna kai kaɗai, ka bi mahaifinka gonar gyaɗa ko ta auduga, ka taka ƙwallo ta gaske da la'asar, ka zo hailalar Juma'a ka zauna cikin mutane. In bayan mako biyu ka so komawa, ka yanka wa wasan adadi kamar yadda aka yanka wa wirdi, kuma ka tashi tun da sauran daɗi.

Ku kuma iyaye, yaron da ya ce muku ya gaji, kada ku ce ai maganinsa ke nan. Ku ba shi abinci, ku bar shi ya yi barci, magana sai gobe.

Allah ya yi daɗin tsira ga Shugabanmu Muhammadu. Wassalamu.