Zogalen Gwaggo Delu

A wani ƙauye kusa da Zariya an yi wata dattijuwa ana ce mata Gwaggo Delu, wadda ta yi suna wajen kiwon kajin gidan gona, irin na nama ɗin nan da ake kira burola. Mako 7 zuwa 8 kajinta sun cika ƙirji, masu gashi na zuwa tun daga Samaru suna rububinsu. Ba ta zuba musu maganin kanti kullum don su yi saurin ƙiba. Ta ce tun ranar da ta ji a rediyo cewa Tarayyar Turai ta hana haka a 2006, saboda ƙwayoyin cuta na sabawa da maganin har ya daina yi wa mutum aiki, ta rantse jikokinta ba za su ci abin da Bature ya ƙi ba.

Ita dai zogale take tsinkowa ta shanya a inuwa, don rana tana cinye amfaninsa. In ya bushe ta daka ta tankaɗe, ta gauraya awo ɗaya cikin awo 25 na abincinsu. Tafarnuwa da citta kuwa jiƙa su take yi, ta tace da ƙyalle, ta ɗiga a ruwan sha wasu ranaku, don su buɗe musu ciki su gyara hanji.

Ana nan, sai ɗan ƙaninta Ilu da abokinsa Tanko suka ce su ma za su gwada. Kowa ya sayo ƴan tsaki ɗari, suka auna kasuwar Kirsimeti. Suka zauna gindin turmin Gwaggo suka ga yadda ake yi, kowa ya koma gida.

Ran da tsakin suka shiga mako na uku, lokacin rigakafin cutar fakat, wato Lasota, ya yi, aljihun Ilu kuwa abincin kaji ya kwashe shi kakaf. Abin da ya rage masa kuɗin turmin atamfa ne da ya yi wa budurwarsa alkawari. Ya nemi Tanko su haɗa kuɗin mota da na ƙanƙara, su sayo kwalba ɗaya su raba. Tanko ya yi dariya, ya ce ai shi ya riga ya gano sirrin tsohuwa: in awo ɗaya na zogale ya yi mata wannan aiki, to shi awo biyar yake zubawa, ya ƙara da ruwan dogonyaro. Wace cuta ce za ta tunkari ɗacin nan?

Ilu ya kwana yana juya maganar. Da asuba ya tafi gidan Gwaggo, ya tarar tana kwashe jiƙaƙƙiyar dusar katako daga ɗakin kaji tana shimfiɗa busasshiya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya zayyana mata komai. Ba ta ɗago kai ba, ta tambaye shi ko ya tuna kwaɗon zogalen da take ba shi yana yaro. Ya ce ya tuna. Ta ce to wannan tabon da ke dantsensa fa, na mene ne? Ya duba, ya ce na allurar rigakafi ne da aka yi masa yana jariri. Ta ce ita ta goya shi zuwa asibitin ran nan, kuma da suka dawo zogale ta dafa wa uwarsa. Sai ta ci gaba da shararta.

Ilu ya koma ya ɗauko kuɗin atamfa, ya juya su ya sake juyawa, sannan ya hau mota. Ya dawo da kwalbar rigakafin cikin ƙanƙara. Ya janye wa tsakin ruwa har suka ji ƙishi, ya haɗa maganin da ruwan rijiya zalla, ko ɗigon tafarnuwa babu, suka shanye tas. Budurwa ta yi fushi, ta daina fitowa zance.

Da hunturu ya kankama, fakat ta shigo gari ta kan kajin gida. Kajin Tanko, waɗanda yawan ganye ya riga ya cushe musu ciki ya hana su girma, suka fara gyangyaɗi, ga koren zawo, wasu wuya ya murɗe. Ya ƙara dogonyaro, ya sayo maganin kanti, duk a banza, don fakat ba ta jin magani in ta riga ta kama. Kullum da safe sai ya kwashi gawa a baro.

Na Ilu kuwa ƴan kaɗan ne suka faɗi. Kafin Kirsimeti masu saye suka kwashe sauran, ya sayi atamfa turmi biyu, ya kai wa Gwaggo sabulu da goro. Da yamma Tanko ya zo, kai a sunkuye, ya ce Gwaggo ta sake koya masa, wataƙila akwai ganyen da ta ɓoye. Ta ce ba ta ɓoye kome ba, turmi kawai ya kalla ranar da ya zo, bai leƙa ɗakin kaji ba. Ta miƙa masa shebur.

Kai da kake shirin sayo ƴan tsaki bana, tsinko zogalenka ka auna shi da kyau, amma tun kafin su iso ka ware kuɗin rigakafi gefe guda.